Rufi Mai Faɗi Ba Ginshiƙi a Tsaka

Kowace shekara in hadarin farko ya taso, sai mu ji iska ta yaye kwanon wata makaranta ko majami'a. Ga shi kuwa ikilisiyoyinmu suna ƙaruwa, kowa yana son babban ɗakin sujada inda ginshiƙi ba zai tare masa ganin mai wa'azi ba. To, me ke riƙe rufi mai faɗi haka?

Ga gwajin da mukan yi da 'yan makaranta. A samo kara 4, a haɗa bakunansu da ƙaya su zama kusurwa huɗu. Da an tura gefe sai su karkace. Amma in kara 3 aka haɗa, wato alwatika, ba za su karkace ba sai dai kara ya karye ko ƙaya ta zare. A ƙara kara 3 a kan kusurwoyin, su haɗu a sama kamar ɗan dala. Yanzu muna da kara 6 da mahaɗa 4, ko ta ina aka danna ba ya motsi.

Wannan shi ne tushen rufin da za mu kira saƙar ƙarfe. Akan haɗa gajerun bututun ƙarfe da yawa bisa wannan siffa, jeri ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Kowane bututu ko dai ana jansa ko ana danna shi, nauyi kuwa yakan bazu ta kowane gefe har ya sauka kan ginshiƙan bakin gini. Akan ga irinsa a filayen jirgin sama da rumfunan waɗansu gidajen mai. Alexander Graham Bell, mutumin nan na tarho, ya yi ta gwada siffar a Kanada wajen 1903. A 1943 wani injiniya Bajamushe, Max Mengeringhausen, ya fito da dunƙulen ƙarfe mai ramuka inda ake ɗaura bututun.

Kakanninmu ma ba a bar su a baya ba. Ku dubi jinkar ɗaki: sanduna sun haɗu a ƙololuwa, tanka ta zagaye ta ɗaure su, ba ginshiƙi a tsaka. In ɗauri ya ruɓe, jinka ta tafi.

Haka yake ga ƙarfe: ƙarfin rufi yana ga mahaɗa. Saboda haka muna roƙon kwamitocin gini, kada a bar mai walda ya auna da ido kawai. A nemi injiniya ya yi lissafi ya ba da zane. Kada a rage kaurin ƙarfe ko a cire sandunan da suka gitta don sauƙin kuɗi, araha ba ta ado. A ɗaure rufi da gini sosai, gama iska ɗaga shi take yi. 'Ya'yanmu ne za su zauna ƙarƙashinsa.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.