Mai Sulhu Ba Sai Lauya Ba

Wata magana ta yaɗu tsakanin matasan malamai da 'yan kasuwa na Birnin Kebbi da Argungu, wai a zamanin nan ba mai shiga tsakanin masu husuma sai wanda ya karanta aikin lauya. Ba haka ba ne. Dokar sulhu wadda Gwamnatin Nijeriya ta kafa cikin shekara ta 2023 ba ta ce lalle mai sulhu ya zama lauya ba, ta kuwa ba takardar sulhu ƙarfi, har kotu tana iya tilasta a cika abin da ke cikinta.

Malamin da ya karanta babin sulhu a Muhtasar na Halilu ko Tuhfa ta Ibnu Asim ya riga ya san iyakar aikin. Ya san mai bin bashi yana iya yafe sashe, amma ba a ƙara wa wanda ake bi ko kwabo don an jinkirta masa, wannan riba ce. Dillalin shinkafa kuwa ya san awo da farashi da halin abokan ciniki, abin da ba a koyarwa a makarantar lauyoyi. Sai mutum ya fara da ƙananan al'amura, watau bashin taki, da ɓarnar shanu a fadama, da gardamar masunta a kan tafki, da sanin mai unguwa ko hakimi. Zubar da jini na hukuma ne, kada ya taɓa.

Wurin da masu farawa suke tuntuɓe shi ne gaugawa: an gaisa, an yi fatiha, an watse, ba a faɗi abin da za a yi in sabon abu ya taso ba. Tarihin ƙasar nan ya isa misali. A shekara ta 1867 aka ƙulla amana tsakanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa, aka kira ta Lafiyar Toga. Shekara takwas ta yi. A 1875 mutanen gari ɗaya, Fanna, suka juya wajen Gwandu, yaƙi ya dawo ɗanye. Zumunci bai tabbata sarai ba sai 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ya ziyarci Argungu aka yi masa su.

Sabo da haka mai sulhu ya rubuta kome, da ajami ko da boko: nawa za a biya, wace rana, gaban waɗanne shaidu, wurin wa za a koma in wani ya saɓa. Ladansa kuma ya faɗe shi tun kafin a zauna, su biyu su raba daidai, don wanda ya karɓi goron ɗaya a ɓoye, ɗayan ba zai sāke zama a zaurensa ba.