Tallafin Karatu A Katsina: Godiya, Da Batun Gurbin Malaman Waƙa

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Akasarinmu da muke riƙe da alli a manyan makarantun Arewa a yau, ba da dukiyar iyayenmu muka yi karatu ba, da dukiyar jama'a muka yi shi. Tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, kuɗin gyaɗa da audugar da talaka ya noma su ne suka gina makarantu, suka ciyar da ɗalibai, suka tura wasu Ingila. Manomin audugar Daudawa ta ƙasar Faskari bai taɓa shiga lacca ba, amma da guminsa a cikin digirin mutane da yawa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta jihar ta ci gaba da wannan aiki, wani lokaci a kan kari, wani lokaci sai an yi ta jira, amma dai ɗan alawus ɗin nan ya hana ɗalibai da dama tattara kayansu su koma gida. A 2024 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura 'ya'yan talakawa ƙasar Masar karatun likita, wasu kuma ƙasar Sin karatun fasahar zamani. Duk wanda ya san halin da asibitocinmu na karkara suke ciki ba zai ƙi yin godiya ba. Muna godiya, Allah Ya saka da alheri.

To amma akwai wani gurbi da nake ganin an bari a buɗe, kuma shi ne maƙasudin wannan rubutu. Gurbin nan shi ne na ɗalibin da zai karanci kiɗa da waƙa domin ya dawo ya koyar da su a aji.

Na san wani mai karatu zai yi murmushi, wani ma zai yi tsaki. Ana sace mutane a hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, kai kuma kana zancen kalangu? Tambaya ce mai ma'ana, kuma zan zo kanta. Sai dai kafin nan, ya kamata a san cewa ba wani sabon abu nake nema a shigo da shi makarantunmu ba. Darasin nan yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara tun da aka fito da ita, a ƙarƙashin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda ya haɗa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa. Ko a garambawul ɗin da aka yi wa manhajar a 2025, an rage darussa amma an bar shi. Wato doka ta ce a koyar, jadawali ya ware masa lokaci, ana kuma yin jarrabawarsa. Abin da ba a tanada ba shi ne malamin. Abin da aka saba gani shi ne a ɗora wa malamin Hausa ko na zane, ko duk wanda ya fi ƙarancin darasi, shi kuma ya cika allo da ma'anar kalmomin Turanci, yara su kwafa, su haddace, su manta. Yaron da kakansa ya yi suna da gangar noma a gayya, sai ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yana iya zana layuka biyar na rubutun kiɗan Turawa, amma bai iya bambance kotso da taushi ba.

Abin takaicin shi ne, wannan yana faruwa a shiyyar Funtuwa. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar, kuma da wuya a sami wani yanki a ƙasar Hausa da ya fi ta ba da gudummawa ga waƙar baka a ƙarni na 20. A Musawa aka haifi Alhaji Mamman Shata, ya zauna a Bakori, ya yi gida a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. A Funtuwa Hajiya Barmani Choge ta rayu tana kiɗan ƙwarya har ta koma ga Mahaliccinta a 2013. Littafin tarihin Shata mafi girma, wato Shata Ikon Allah na 2006, biyu daga cikin mutum huɗun da suka rubuta shi 'yan wannan yanki ne: Malam Ibrahim Sheme daga ƙasar Faskari, da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda ma ilimin duwatsu da ma'adinai ya karanta, sha'awa ce kawai ta sa ya yi shekaru yana bin diddigin waƙoƙin. Wannan ya nuna cewa masu kishi suna nan. Amma al'umma ba ta dogara ga sha'awar ɗaiɗaikun mutane a kan abin da ya kamata makaranta ta ɗauka.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi damuna ba nishaɗi ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai bambanta dogon wasali da gajere. Kuka na hawaye da kuka ta miya, baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne kawai suka raba su. Gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa ɗalibai da dama suke zuwa jami'a, Hausawa gaba da baya, amma in aka ce su sa wa kalma alamar kari sai gumi ya karyo musu. Makaɗin kalangu kuwa, wanda bai taɓa jin sunan ilimin furuci ba, yana matse tsarkiya ya sake ta, ya fitar da karin kalma daidai, har mahauci ya ji an kira sunansa da kirarinsa daga nesa. Ma'aunin waƙarmu kuma, ta baka da rubutacciya, a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Zariya ya nuna tun a 1980 cewa bayan amsa-amon da kowa ya sani na ƙarshen baiti, mawaƙan Hausa suna da wani amsa-amon na karin sauti. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana auna yadda gaɓoɓin Hausa suke zama a kan bugun kiɗa. Saboda haka malamin da ya san waƙa da kiɗan Hausa, malamin harshe ne ta wata ƙofar, kuma ƙofar da yaro ya fi saurin shiga. Yanzu da ministan ilimi ya sanar a Nuwamban 2025 cewa an soke manufar koyarwa da harshen uwa, matakin da ban gamsu da hujjojinsa ba, 'yan kafofin da suka rage wa Hausa a firamare sun ƙara daraja.

Nazari kam an yi shi. Anthony King ya zauna a Katsina a shekarun 1960 ya nazarci ganguna da kakakin fada, sannan shi da David Ames suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara waƙoƙin baka kundi bayan kundi, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarinsu. Sai dai kusan duk abin da muke yi a sassan Hausa, matanin waƙa muke feɗewa. Mukan rubuta ɗiyan waƙa a takarda, mu fitar da jigo da salo, mu bar gangar a waje. Kamar mutum ne ya nazarci tuwo ta hanyar karanta sunayen kayan miya.

Mu dubi abin da wasu suka yi. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. A Legas, ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 tana da makarantar difloma ta shekara biyu, kuma tun 2006 gidauniyar kamfanin MTN take ɗaukar nauyin ɗalibanta. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga can koyarwa suke yi. Amma misalin da ya fi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar. Malam Mamman Barka malamin makaranta ne, Batube, mai kiɗan gurmi, wanda Hausawan Maraɗi da Damagaram da na Nijeriya suka sani da waƙoƙinsa na Hausa, ya kuma yi aiki da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai. A 2002 hukumar UNESCO ta ba shi tallafin karatu, ba don ya tafi Faransa ba, sai don ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ganin shi kaɗai ya rage cikin Buduma da ya iya kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar mai siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, tsohon ya miƙa masa biram ɗinsa, daga baya ya rasu. A 2009 aka fitar da faifan Barka na biram a Ingila, shi ma ya rasu a 2018. Da an jinkirta wannan tallafi da 'yan shekaru, da sai dai a ga biram a gidan tarihi, ba mai sanin yadda ake ɗaura tsarkiyarsa. Ɗan kuɗi kaɗan ne, aka ba mutumin da ya dace, a lokacin da ya dace.

Yanzu sai batun tsaro. A ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An ƙirga rayuka da shanu da gonaki, kuma su ya kamata a fara ƙirgawa. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi. Kiɗan Hausa gado ne, ba a makaranta ake koyonsa ba, ɗa yana bin ubansa gayya da biki da kasuwa, ya fara da kanzagi ko amshi har hannunsa ya faɗa. Waƙoƙin gaɗa a dandali 'yan mata suke koyonsu, da farin wata. To ƙauyen da aka daina fita bayan magariba ba shi da dandali. Gonar da ake shiga a tsorace ba a kai mata ganga. Iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Katsina, abinci suke nema, ba fatar ɗaure kalangu ba. Shekara goma na irin wannan rayuwa sun isa su yanke sarƙar. Ko da zaman lafiya ya dawo gobe, kuma muna roƙon Allah Ya dawo da shi, masu dundufar maƙera da masu gangar noma da suka tsufa ba za su dawo da ƙuruciya ba. Makaranta ce kaɗai ta rage da za ta iya karɓar abin da gida ya kasa riƙewa. Kuma duk malamin firamare ya san cewa yaron da ya ga tashin hankali, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ya saurari darasi, sau da yawa amshin waƙa tare da 'yan'uwansa ne yake fara buɗe masa baki.

Akwai kuma masu ɗari-ɗari ta fuskar addini, kuma ban raina damuwarsu ba. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, ni kuma ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙa ta ilimantar da mata ta hannun 'Yantaru, makafi sun rera Imfiraji na Aliyu Namangi lungu-lungu har jama'a suka haddace ta, kuma babu Islamiyyar da ba a rera waƙa a cikinta. Yaranmu kuwa suna jin kiɗa dare da rana a wayar hannu, ba tare da izinin kowa ba. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ko su ji shi da malamin da zai nuna musu mai kyau da marar kyau, ko su ji shi su kaɗai. Wani ɓangare na ƙyamar ma, in za mu faɗi gaskiya, ba na addini ba ne, tsohon kallon da ake yi wa makaɗi ne a matsayin maroƙi, wanda ake jin daɗin waƙarsa amma ba a ba shi 'ya.

Wannan kallo shi ne dalilin da ya sa sai da tallafi. Uban da ya sayar da buhunan masara ya tura ɗansa kwaleji ba zai yarda a ce waƙa ya je karantawa ba, sai in ya ga gwamnati ta ɗauki abin da muhimmanci har ta sa kuɗinta, ta kuma yi alkawarin aiki. Bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ya taimaki ɗalibai, amma bashi ne, ana fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma kowa ya san albashin malamin firamare. Alkawarin da gwamnatin tarayya ta yi a Oktoban 2021, na naira 75,000 kowane zangon karatu ga masu digirin koyarwa da naira 50,000 ga masu NCE, shi ne irin abin da ake buƙata, sai dai hauhawar farashi ta riga ta cinye darajarsa.

Abin da nake roƙon Hukumar Tallafin Karatu da ma'aikatun ilimi na jiha bai taka kara ya karya ba. A ware gurbi ko da ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma daga cikin 34, a fara da na bakin daji irin su Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, tunda malamin da aka turo daga nesa ba ya zama a can, ɗan gari ne yake zama. A haɗa karatun da Hausa a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma ko ta tarayya da ke Katsina, yadda wanda ya gama zai iya koyar da darasi biyu. A sa wa ɗalibi sharaɗin komawa ya koyar a ƙaramar hukumarsa na wasu shekaru. Sannan a yi irin ta Barka: kowane ɗalibi a haɗa shi da wani tsohon makaɗi na yankinsu ya yi zango guda a hannunsa, a naɗi abin da ya koya a ajiye a Hukumar Tarihi da Raya Al'adu ta jiha. Shi ma tsohon a yanka masa alawus a matsayin malami, a rubuta sunansa a takardar shaidar ɗalibin.