Ƙarin karatun malami a Poli: Hanyar gyara aji ce ko hanyar barin gari?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk shekara idan 5 ga Oktoba ta zagayo, malaman makaranta a Kamaru kan ɗinka anko, su yi jerin gwano a gaban hukuma, a yi jawabai, a watse. Rana ce da hukumar UNESCO ta keɓe wa malamai tun 1994. A Poli, hedikwatar gundumar Faro da ke jihar Arewa, tambayar da ta fi jawaban nauyi ita ce wadda iyaye ke yi a zuci: malamin nan da ya yi jerin gwano bana, zai kai baɗi a garin nan kuwa? Idan kuma ya ce zai tafi ƙaro karatu, da niyyar dawowa ya tafi, ko sallama ce ya yi mana a fakaice?

Muna ganin ya kamata mu tsaya a kan wannan batu, domin 'ya'yanmu ne ke cikin azuzuwan, kuma mu ne za mu girbe abin da aka shuka a kawunansu.

Abin da Beka ta tuna wa ƙasa

A watan Fabrairun 2022 malaman sakandare suka fara yajin aikin da aka sani da OTS, taƙaitawar wata jimlar Faransanci mai nufin "mun jure fiye da kima". Suna shiga makaranta amma ba sa ɗaukar alli. Kukansu shi ne jinkirin ba da lambar ma'aikaci, da bashin albashi, da ƙarin girman da ke tsayawa a takarda. Mutumin da ya zama fuskar wannan yajin daga gundumar Faro yake: Malam Hamidou, mai koyar da wasannin motsa jiki a makarantar lise ta Beka, wanda ya yi kimanin shekara 10 yana aiki ba albashi, ya kuma rasu ranar 8 ga Maris 2022 yajin na gudana. Allah ya jiƙansa.

Gwamnati ta yi alkawarin biyan basussukan sannu a hankali. Sai dai wani sauyi ya biyo baya: daga 2023 an raba horar da malami da ɗaukarsa aiki, wato gama babbar makarantar horon malamai bai zama tabbacin shiga aikin gwamnati ba kamar da. A lokaci guda kuma ma'aikatar ilimin sakandare ta riƙa fitar da jerin sunayen malaman da aka nema a wuraren aikinsu aka rasa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa sun nufi Kanada.

Duniya ma na fama da irin wannan. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce ana bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Amma idan ƙarancin ya sauka, ba ya sauka daidai. Yawunde da Duwala sukan sami mai maye gurbi. Gari irin Poli, wanda sai an bar babban titin Garwa zuwa Ngaundere an kama wata hanya da ta daɗe tana wahalar da matafiya a damina, shi ke kwana a ciki.

Tsanin da malami ke hawa

Malamin firamare kan fito daga makarantun ENIEG da takardar CAPIEMP. Na sakandare kan fito daga babbar makarantar horon malamai, ENS, da takardar DIPES ta ɗaya ko ta biyu, kuma mai ta ɗaya na iya komawa ya nemo ta biyu, darajarsa da albashinsa su ƙaru. Shekaru da dama, ɗan Arewa mai son wannan karatu sai ya gangara kudu. An sami sauƙi da aka kafa Jami'ar Marwa da makarantarta ta ENS a 2008. Jami'ar Ngaundere na nan tun 1993, sannan a Janairun 2022 aka kafa Jami'ar Garwa. Wato yau ƙofofin ƙarin karatu sun matso kusa da Faro fiye da kowane lokaci a tarihi.

To, ina matsalar take? Tana wajen abin da takardar ke saya. A tsarin da ake tafiya a kai, babban amfanin ƙarin karatu ga malamin ƙauye shi ne ya sami hujjar neman canjin wurin aiki. Ya yi rajistar digiri na biyu a birni, ya riƙa zirga-zirga, ajinsa ya zauna mako guda ba malami, daga ƙarshe takardar canji ta fito. Ba ma zarginsa, domin mutum ne mai iyali, kuma wanda ya ga abin da ya faru a Beka dole ya yi wa kansa tanadi. Amma sakamakon a fili yake: ƙauye ya zama wurin koyon hannu, birni ya kwashe ƙwararru.

Wanda ke toshe giɓin shi ne malamin da ƙungiyar iyayen yara ke biya daga karo-karo. Galibi ɗan gari ne, yana jin harshen yara, ba ya gudu idan damina ta yi ƙarfi. Shi ne ya fi kowa zama a aji, shi ne kuma ya fi kowa nisa da damar ƙaro karatu. Jihar Arewa na cikin jihohi huɗu da gwamnati ta ayyana a matsayin yankunan da ilimi ke bukatar fifiko, tare da Adamawa, Gabas da Arewa Mai Nisa. Idan fifikon bai kai ga wannan malami ba, to bai kai ko'ina ba.

Haɗa darussa: Manufa ce ko rufa-rufa?

Manhajar firamare ta 2018 ta zo da wani tsari mai kyau. Maimakon kowane darasi ya tafi hanyarsa, an ɗaura karatun shekara a kan jigogi 8: gida, ƙauye ko birni, makaranta, sana'o'i, tafiye-tafiye, lafiya, wasanni da sadarwa. Ana so lissafi, harshe, kimiyya da tarbiyya su haɗu a kan jigo guda, yaro ya ga amfanin abin da yake koya. A sakandare ma ana bin tsarin da ke fara darasi daga wata matsalar rayuwa ta zahiri.

Ƙasar Faro kuwa cike take da irin waɗannan matsaloli, sai dai mai idon ganinsu. Mu ɗauki auduga. Yaron da mahaifinsa ke sayar wa kamfanin Sodecoton zai iya lissafa faɗin gona, da kilon da aka auna, da bashin taki da maganin feshi da za a cire, ya fitar da abin da ya rage wa gida. Wannan lissafi ne. Ya karanta takardar awon da kansa, wannan Faransanci ne. Ya san dalilin da ya sa ba a zuba ruwan sha a galan ɗin maganin feshi, wannan kimiyya ce da kiwon lafiya. Darasi uku ke nan a kan abu ɗaya da yake gani kullum.

Ko mu ɗauki kogin Faro. Daga ina ya taso, ina ya haɗu da Binuwai, me ya bambanta shi da reshen da madatsar Lagdo ta tare tun 1982? A bakinsa garin Gurin yake, inda Modibbo Adama ya fara kafa mazauninsa kafin a koma Yola a 1841, kuma can ne sojojin Jamus daga Garwa suka kai wa sansanin Ingila hari a Afrilun 1915. Daga nan yaro zai gane yadda aka yi dangi ɗaya suka rabu ƙasa biyu. A cikin ruwan akwai dorina, akwai kuma dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Ga gandun dajin Faro da rikicin makiyaya da masu gadinsa, ga ma'adinin yuraniyom da aka gano a Kitongo kusa da Poli. Malamin da ya san waɗannan ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya riƙe hankalin aji.

Amma a nan ne muke jan kunne. Akwai bambanci tsakanin malamin da ya nutse a fanninsa sannan ya miƙa hannu zuwa wani fanni, da malamin da aka ɗora wa lissafi da kimiyyar halittu da Ingilishi don kawai babu kowa. Na farko haɗa ilimi ne. Na biyu rufe ƙarancin ma'aikata ne da suna mai daɗi, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Wanda bai ƙware a lissafin kaso ba, ba zai iya gina darasin auduga ba, sai dai ya ba da labari yara su tafi hannu rabbana. Don haka manhajar 2018 ba ta rage bukatar ƙarin karatu ba, ƙara ta ma ta yi.

Akwai kuma batun harshe. Yaro a wannan yanki kan zo aji da Dowayanci ko Cambanci ko Fulatanci, wani da Hausa, ya tarar da malamin da aka turo daga nesa ba ya jin ko ɗaya. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ambaci bunƙasa harsunan gida, kuma tun 1981 marigayi Farfesa Maurice Tadadjeu ya fara gwajin koyarwa da su a shirin PROPELCA. Malamin da ya koyi Fulatancin da zai fassara wa ɗan aji ɗaya kalmar "rabi" ya ƙaro ilimi na gaske, ko da babu jami'ar da ta buga masa hatimi.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Makarantunmu na zaure ba su taɓa raba malami da ɗalibta ba. Wanda ke ba yara karatu da safe, da yamma za ka same shi gurfane gaban wani malamin da littafinsa. Ba su kuma raba fannoni da katanga ba. Rabon gado ba ya yiwuwa sai da sanin rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, shi ya sa babban ɓangare na littafin aljabara na Alkawarizmi, a ƙarni na 9, ya tafi a kan lissafin gado da wasiyya. Zakkar kuɗi ɗaya bisa 40 ce, ta amfanin gona ɗaya bisa 10 idan ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa 20 idan da wahalar ban ruwa aka noma. Duk wannan darasin kaso ne.

Abin da ya fi muhimmanci, tafiya neman ilimi a al'adarmu tana da dawowa. Modibbo Adama ya tafi Borno karatu, ya komo bakin Faro ya karantar. Jajis ɗin da Nana Asma'u ta horar kan karɓi karatu su koma ƙauyukansu su isar wa mata. Darajar ilimin tana wajen wanda aka kawo wa.

Wannan ya kamata ya sa mu dubi makarantunmu na Faransanci da Larabci. A da yawansu, malamin fiƙihu da malamin lissafi suna shiga aji ɗaya, suna koyar da kaso ɗaya bisa shida da harsuna biyu, ba su taɓa zama sun gwada littattafansu ba. Zama ɗaya a wata tsakaninsu ba ya cin ko sefa guda.

Abin da muke kira a yi

Ga ma'aikatun ilimi: a mayar da hutun ƙaro karatu tsari bayyananne, wanda malami zai nema ba tare da kamun ƙafa ba. A turo mai riƙe ajinsa kafin ya tafi, shi kuma ya sa hannu cewa zai dawo ya yi wasu shekaru a inda ya fito. A sa shekarun da mutum ya yi a wuri mai wuya su zama abin da ke gaggauta masa ƙarin girma. Kafin komai kuma a biya haƙƙi a kan lokaci, domin mai jin yunwa ba ya sayen littafi.

Ga jami'o'in Garwa, Marwa da Ngaundere: dogon hutun da ke tsakanin ƙarshen shekarar karatu da Satumba dama ce ta shirya kwasa-kwasan da malami zai tara makinsu har su zama takarda, ba tare da ya bar ajinsa ba. Karatu ta intanet na da amfani, amma a inda wuta da layin waya ba su da tabbas, dole a haɗa shi da littafin takarda da malamin da zai tako ya zo. Makarantar nazarin namun daji ta Garwa, wadda ke aiki tun 1970, tana da ilimin da malaman kimiyya na Faro za su ƙaru da shi ƙwarai.

Ga malamai: kada ranakun bita su tsaya a cika rajista da cin abinci. Malamin tarihi da na kimiyya su zaɓi jigo ɗaya a zango, su tsara shi tare, su rubuta abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, su bar wa na bayansu.

Ga mu iyaye, limamai, sarakuna da masu hali: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baƙon malamin da ya sami ɗaki mai kyau da maƙwabta masu mutunta shi yakan yi nauyin ƙafa wajen neman canji. Ɗan garin da ya shekara biyar yana riƙe mana aji a kan ɗan abin da muke tarawa, mu ɗauki nauyin karatunsa na CAPIEMP bisa alkawarin zai dawo. Mu ba 'yan mata kaso a wannan tallafi, domin gidaje da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta ci gaba da karatu idan akwai malama a makarantar. Wanda ke neman inda zai ajiye sadaka mai gudana, ga wuri.

Idan aka bar abin yadda yake, za a ci gaba da buɗe jami'o'i a Arewa, takardu su yawaita, amma yaron Poli ya gama firamare bai iya karanta takardar awon audugar mahaifinsa ba. Ma'aunin ƙarin karatun malami ke nan a wurinmu, kuma da shi za mu riƙa tambayar hukuma da kanmu a ƙarshen kowace shekara.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba su haƙƙinsu, ya sanya albarka a cikin zuriyarmu. Amin.