Direbobin da Ba a Gayyata Ba

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai aiki da Linux ba ta tambayar mai ita abin da yake buƙata. Kowace na'ura da ke cikinta, Bluetooth ko kyamara, takan bayyana lambar shaidarta, sai manhajar udev ta ɗora direbanta, ko da ba za a taɓa amfani da ita ba. Wannan ba laifi ba ne, domin ta haka Ubuntu guda ke tashi a kan kwamfutoci iri-iri. Inda nake ja shi ne barin kowace manhaja ta janyo ɓangaren da babu na'urar da ta neme shi. Ta wannan kafa raunin DCCP na 2017 ya iya miƙa wa ɗan kutse ragamar kwamfuta. Irin waɗannan ɓangarori su zo a kulle, mai buƙata ya buɗe.