Makullin Motar Kawu

Shekara arba'in Kawu yana tuƙi a birnin Katsina, bai taɓa goge ko akuya ba. Ran nan ya tashi daga Ƙofar Ƙaura zuwa ta'aziyya a Ƙofar Soro, sai aka tsince shi a hanyar Jibiya, ya kashe mota yana tambayar mutane inda yake. Likita ya ce cutar mantuwa ce, wadda mukan raina da sunan gigin tsufa.

'Ya'yansa suka ce a ɓoye makulli. Na ƙi. Dattijon da ya yi ta kai mu makaranta a Fijo 504, a mayar da shi yaro dare ɗaya? Sai dai titin IBB na yau, da kutsen 'yan Keke Napep, ba ya yi wa mai jinkirin tunani uzuri.

A Ingila doka ta wajabta wa mai cutar ya sanar da hukumar lasisi. Wasu akan bar su da tuƙi, ana sake duba su duk shekara. A Japan, wanda ya kai shekara 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa lasisi.

Mu a zaure muka yanke namu, Kawu na zaune ana yi da shi: ba tuƙin dare, ba fita bayan gari, jikansa na gefe. Bayan wata shida, da kansa ya miƙa wa yaron makulli. Sharaɗinsa biyu: kujerar gaba tasa ce, kuma shi ke faɗin inda za a nufa.