Damuwar Salla daban, ciwon damuwa daban

Duk sadda Babbar Salla ta matso, hankalin ƴan kasuwa yakan tashi. Ga kuɗin rago, ga ɗinkin yara, ga masu bin bashi. Daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram, kowa da lissahi yake kwana. Wannan damuwa tana da dalili, kuma da an ci Salla sai ta wuce.

Ciwon damuwa ba haka yake ba. A cewar Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, baƙin ciki ne da ke kai sati 2 kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci su rikice. Akwai wani irinsa da ke dawowa duk hunturu, galibi a ƙasashen sanyi kamar Kanada, inda wuni ke gajarcewa. Shi yanayi yake bi, ba Salla ba, wadda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Ƴar'uwa, in maƙwabciyarki ta rumfa ta daina hitowa bayan Salla, kar ki ce lalaci ne ko rashin tawakkali. Ki leƙa ta, ki raka ta wurin likita. In ta ambaci kashe kanta, kar a bari a kwana. Cutar tana da magani.