Zaga Gari: Kantuna da Rumfunan Ban Mamaki na Birnin Akara

A wannan wata ba za mu yi nisa ba, a nan Akara za mu tsaya, garin da tsofaffinmu har gobe suke kira Ankara. Dalili kuwa shi ne mun lura da yawa daga cikinmu an haife su a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, sun yi aure sun hayayyafa, amma in ka ɗebe hanyar wurin aiki da ta masallaci da ta gidan biki, ba su san komai a garin ba. Baƙo ya zo daga Kano ko Maraɗi ya ce a kai shi ya ga gari, sai a ɗauke shi a kai shi katafaren kantin zamani mai na'urar sanyi, irin wanda ya baro a garinsu. Alhali kuwa abin kallon yana nan cikin lunguna. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su kuwa ce sai an hau jirgi ba. Kuɗin tirotiro ma ya isa.

Mu fara da Teshi, can bakin teku a kan hanyar Tema. Wanda bai sani ba, in ya hango shagunan kafintocin wurin sai ya ɗauka kayan wasan yara ake sayarwa, don zai ga ƙaton kifi da fenti yana walƙiya, ga jirgin sama, ga motar Marsandi, ga kaza ta rufe 'ya'yanta, ga ƙwallon koko ya fi mutum tsawo. To, duk akwatunan gawa ne. A al'adar wasu daga cikin maƙwabtanmu Ga, akan binne mutum a cikin abin da ke nuna sana'arsa ko matsayinsa: masunci a cikin kifi ko kwalekwale, manomi a cikin ƙwallon koko, direba a cikin mota. Wanda ya shahara da wannan aiki shi ne Seth Kane Kwei, wanda ya fara tun shekarun 1950, ya rasu a 1992. A 1989 an kai irin waɗannan akwatuna baje kolin zane-zane a birnin Faris, daga nan gidajen tarihi na Turai da Amurka suka shiga saye. Mu dai likkafani da makara sun ishe mu, kuma ba mu je don mu yi wa kowa dariya a kan makokinsa ba. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, maigidan ya rasu fiye da shekara talatin amma shagon bai mutu ba, domin zuriyarsa da yaran da ya koya wa aiki sun riƙe zarto da guduma. Za mu dawo kan wannan batu.

A hanyar dawowa kada a yi gyangyaɗi a mota, a karanta allunan shaguna. Mutumin Gana ba ya raɗa wa shagonsa suna da wasa. Mai gyaran taya zai kira rumfarsa da aya guda daga littafin addininsa, mai kitso ta rubuta "Nyame Bekyere", wato Allah zai kawo mafita. Akwai gidajen abinci da dama masu wani suna na Turanci da ma'anarsa ita ce kada ka kula matarka, wato in ta hana ka tuwo a gida ga tukunya a nan. Uwayen gida, ba mu muka faɗa ba, allo ne ya faɗa. A shagunan aski kuwa har yanzu akan ci karo da allunan da aka zana da hannu, kawuna a jere kowanne da salon askinsa. Irin waɗannan masu zane ne a shekarun 1980 da 1990 suke zana tallar finafinan bidiyo a kan buhunan fulawa, su ƙara wa jarumi damtse da jini fiye da abin da ke cikin fim ɗin. Buhunan da aka raina a wancan lokaci, masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje sun saye su da tsada.

Daga nan sai Kasuwar Katako da ke kusa da Jamestown. Sunanta katako, amma in ka kutsa ciki za ka iske layin masu magani, inda da yawa daga masu rumfunan da Hausa za su amsa maka gaisuwa. Ga sassaƙe da saiwoyi a ɗaure dami-dami, ga kanwa da farar wuta da jar kanwa, ga busasshiyar hawainiya, ga fatar bushiya da ƙahonnin dabbobi, ga wuri da ƙananan ƙorai. Matan da suka haihu a nan suke sayen kayan yaji da na wanka, kuma akwai dattawan da sun gaji sanin itatuwa tun kaka da kakanni. Sai dai fa a yi hattara da mai kwalba ɗaya da ya ce tana maganin hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa da baƙin jini gaba ɗaya. Tun 1975 ƙasar nan take da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem, kuma akwai Hukumar Abinci da Magunguna da ke yi wa magungunan gargajiya na kwalba rajista. Mai sana'ar kirki ba ya tsoron a gwada kayansa.

In an fito, a nufi Kantamanto kusa da tashar jirgin ƙasa, uwar kasuwar gwanjo. Mutanen Akan suna kiran kayan "obroni wawu", wato Bature ya mutu, don da farko sun kasa yarda mai rai zai rabu da tufafi masu kyau haka. Abin kallo a nan shi ne bayan rumfuna, inda teloli da masu guga da masu rini suke zaune gwiwa da gwiwa. Ka sayi wando ya yi maka yawa, kafin ka gama shan ruwan leda an rage shi an goge. Rigar da ta koɗe a tsoma ta a rini ta fito kamar ba ta taɓa ganin rana ba. A farkon watan Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar, dubban mutane suka wayi gari ba su da ko tsinke. Ba a daɗe ba 'yan kasuwar suka sake kafa rumfunansu da katako da kwano, ciniki ya ci gaba.

To, duk wannan yawo sai da ciki, saboda haka mu koma gida Nima. A nan ba a neman allo, hanci ake bi da tsawon layi. In ka ga mutane sun yi jerin gwano da sassafe a bakin wani lungu, mai kwat da mai kayan makaranta da ɗan sanda duk suna cewa "Hajiya, a sa mini ƙanzo", to ka iso. Waakye ɗin nan da duk Gana ke taƙama da shi ba wani abu ba ne illa shinkafa da wakenmu, sunan ma daga wake ya fito, jan launin kuwa karan dafi ne da ake jefawa a tukunya. A zuba a ganye, a ɗora taliya da garin rogo da shito da ƙwai da ganda. Gefe guda ga mai koko, wadda tun jiya ta jiƙa gero ta niƙa da citta da kanumfari da barkono, ta tace ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ga ƙosai da funkaso da masa suna fitowa daga mai. Da rana tuwon zafi da miyar ayoyo ko ta kuka, a kora da lamurje ko zoɓo ko burkina mai sanyi. Da magariba mahauta su hura gawayi, ƙamshin cincinga da ƙuliƙuli ya cika titi. Wanda ya zo ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, zai ga hatsi da kayan yaji da man kaɗanya da daddawa kamar an kwaso arewa an juye a wuri ɗaya.

Ku dubi yadda harshenmu ya shiga bakin mutanen ƙasar nan ta hanyar kasuwa da tukunya. Koko, ƙosai, ƙanzo, taliya, tuwon zafi, wahala, duk za ka ji su a bakin wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba. Kalmar kayayei da ake kiran mata 'yan dako, rabinta kayanmu ne, rabinta kalmar Ga ce mai nufin mata. Unguwar Tudu da Fadama da garin Kasoa, wato kasuwa, duk shaida ne cewa ba jiya muka zo ba.

Wani zai ce ina labarin mashaya? Suna nan birjik, daga 'yan rumfunan katako masu shuɗin fenti da ke sayar da akpeteshie, har zuwa na 'yan gayu a Osu inda ake haɗa ita wannan giyar da 'ya'yan itace a sayar wa baƙi da tsada. Giya ce da ake dafawa daga bammi ko rake, Turawan mulki sun hana ta, sai a 1962 dokar ƙasa ta ba da izinin yin ta. Mun faɗa ne don a san gari, amma wannan fili ba ya aika kowa can. Tamu mashayar ita ce teburin mai shayi, da gwangwanayen madara a jere kamar bene, yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa ba ya zubar da ɗigo. Sai kuma majalisun samari masu dafa ataya a kan ɗan murhun gawayi, wasu ma sun raɗa wa majalisarsu sunayen biranen Amurka da Turai. A nan ake musun ƙwallo da siyasa, a nan ake jin inda ake neman ma'aikaci, a nan ake haɗa gudummawa in wani ya kwanta asibiti. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai majalisun da ƙwayar tiramol ta shiga. Iyaye da limamai da sarakunan zango, ku riƙa leƙawa kuna zama ana shan ataya da ku. Majalisar da dattijo ke ratsawa ba ta cika lalacewa ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ɗauko wannan zance. Irin waɗannan wurare ba su da tabbas. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola ta farko, filin ya koma wurin ajiye motoci. A 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie, cikinsu har da 'yan'uwanmu masu kawo albasar Galmi daga Nijar, aka mai da su Adjen Kotoku can bayan gari. Na Kantamanto kun ji. Wuta da katafila suna cin rumfa a dare ɗaya, amma akwai abin da ya fi su ɓarna, shi ne rashin magaji. Hajiya mai waakye ta yi shekara talatin a bakin murhu, da kuɗin tukunyar ta biya wa 'ya'ya makaranta, ta sauke farali, amma ran da ƙafa ta gaza sai a kife tukunya, domin 'ya'yan suna jin kunyar a ce da su 'ya'yan mai abinci. A halin yanzu kuwa wasu sun ɗura kokon nan a kofuna da ledoji masu tambari, suna kai wa ofisoshi da manyan kantuna, da sunan Hausa ɓaro-ɓaro a jiki. Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan, sun ga dama sun dama. Tambayar ita ce, ina 'ya'yanmu da suka karanta lissafin kuɗi da kasuwanci? Jikan kafinta a Teshi bai ji kunyar akwatin gawa ba, mu ne za mu ji kunyar abin da ya ciyar da mu?

Shawararmu ga masu sana'a ita ce a gyara wuri. A rufe abinci da gilashi ko raga, a matsa daga bakin kwata, a tanadi ruwan wanke hannu da sabulu, a je a yi gwajin lafiyar da hukumar birni ke nema a wurin masu sayar da abinci. A rubuta allo da suna, in da hali a sa da Hausa. A koya wa yaro ko yarinya awon gero da yawan kanwa, a rubuta a littafi, kada sirrin tukunya ya bi mai shi kabari. Ga samari masu waya a hannu dare da rana, ku ɗauki hoton rumfar gyatuma ku tallata, ku karɓi oda ku kai wa mutane har ofis. Mu kuma masu saye mu daina cin bashin Hajiya muna biyan kantin zamani lakadan.

Ga sauran jama'a kuwa, a ware Asabar ɗaya a wata a ɗauki yara a zaga da su. A kama jaka da kyau a cikin cunkoso, a yi ciniki da fara'a, a gai da mutane da harshensu ko da kalma ɗaya ce, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda kuma ya san wata rumfa ko wani shago na ban mamaki a unguwarsu, ko a Madina ko Ashaiman ko Sukura, ya rubuto mana ta hannun edita, za mu je mu gani da idonmu.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau mota mu nufi Kumasi mu ga abin da Kejetia da Alabar suka tanada. Kafin nan muke cewa Allah ya yi wa sana'o'inmu albarka, ya tsare kasuwanninmu daga gobara, ya shirya mana zuriya. Wassalam.